Sallolin da Muka Yi da Babanku ta Waya

Zuwa ga 'yata Hassatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Malam Yusha'u, da fatan shirin tafiya bai fi ƙarfinku ba. Allah ya tsare miki hanya tun daga ƙofar gidanki na Kazaure har filin jirgi, daga nan har Masar. Ya sauke ki cikin mutanen kirki, ya raba ki da sharrin abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, amin.

Na san za ki ce Roni da Kazaure tafiyar nawa ce da har Umma za ta zauna rubuta takarda. Dalilin shi ne, maganar da ke cikin nan ba zan iya faɗa miki ita ido da ido ba. Shekara talatin na yi ina koyarwa a firamare, yara sittin nakan daka wa tsawa ɗaya su yi tsit, amma in aka zo irin wannan zance sai bakina ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Don haka ki karanta ki adana, in mun haɗu kuma kada ki tayar mini da maganar.

Da farko dai ina alfahari da ke, na faɗa ba kwana-kwana. Ranar da sunanki ya fito cikin ma'aikatan jinyar da za a tura ƙaro karatu na shekara biyu, gida huɗu na shiga ina ba da labari, har da gidan da ba mu cika shiri ba. Ina alfahari da mijinki ma. An yi ta kai masa magana, wai wane irin namiji ne zai bar matarsa ta tsallaka ƙasa shekara ɗaya da rabi da aure. Amsar da ya ba su ita ce, "Ni na cike mata takardun." Irin wannan miji ba a barinsa ya ji an manta da shi. To ga shi saura mako biyar Babbar Sallah za ki tashi, wato Sallarku ta farko a rabe za ta riske ki tun ba ki gama gane hanyar ajinku ba. A kan wannan rana nake son mu yi magana, domin ni na taɓa ɓata ta har sau uku, kuma saura ƙiris abin ya raba ni da zaman mijina a gida. Ke kuwa halina kika kwaso kaf, ga aiki kamar inji, ga nauyin baki.

Kin tuna shekara ukun da Babanku ya yi yana ɗinki a Aljeriya, lokacin kina makarantar kwana. Abin da kuka sani ku yara shi ne ranar Sallah ana kiran bidiyo, a yi ta ihu ana ɗaga hannu. Abin da ke ƙarƙashin ihun nan shi zan gaya miki yau.

Ta farko Babbar Sallah ce. Kin san gidanmu, duwatsun nan na bayanmu sun tare sabis, ba ya kamawa ko'ina sai gindin darbejiyar tsakar gida, wato daidai inda kowa ke zama. Kakarku Goggo, mahaifiyar Babanku, tana kan tabarmarta a nan. Baffanku Sule, yayansa, ya zo daga Gwiwa don shi aka wakilta ya yanka ragon. Babanku kuwa yana da al'ada tun aurenmu, ranar layya ba ya sa komai a baki sai an sauko Idi an yi yanka, na gasa hanta na kawo masa da hannuna. Ranar sai ya kira ana gama yankan. Baffanku ya nuna masa rago, ya miƙa wa Goggo, daga nan wayar ta shiga hannunku, ta shiga hannun maƙwabta, har mai fiɗa sai da ya goge hannu ya yi masa barka da Sallah. Ni ina madafi, hantar tana kan wuta, ina jin muryarsa tar.

"Ina mutanen gidan?" in ji shi.

Baffanku ya ce, "Ga su nan duk ka gani."

"To, sauran fa?"

Baffanku ya yi dariya ya ɗaga murya, "Malama! Ana cigiyarki."

Ni a gaban surukata da yayan mijina in fito in riƙe waya ina kallon fuskarsa yana kallon tawa? Ban fito ba. Daga cikin hayaƙin na ce, "A ce ina gaishe shi, hannuna da aiki." A raina na ce bari jama'a su watse in kira shi. Kafin su watse caji ya ƙare, wuta kuma ba ta dawo ba sai washegari. Sai bayan shekaru yake ba ni labari cewa ranar shayi da burodi ya ajiye a gabansa, yana jira in ce masa ga hanta ta gasu, shi kuma ya yi bismilla daga can. Shayin har ya huce bai taɓa ba.

Ni a lokacin gani nake na yi abin yabo, na nuna tarbiyya. Abin da ban gane ba shi ne, in miji yana gari, kunyar da kika yi masa a tsakar gida kina gyara ta in kun shiga ɗaki. In yana bayan waya kuwa babu ɗakin, abin da ya gani a mintocin nan shi ne rabonsa na Sallah gaba ɗaya. Ba na ce ki zubar da kunya ba, Allah ya kiyaye. Cewa na yi ku ware lokacinku tun kafin ranar, ku biyu kawai, kafin wayar ta faɗa hannun dangi. Kuma tunda yanzu ke ce a mazaunin Babanku, kada ki tsaya kewaye-kewayen ina mutanen gida. Yusha'u a babban gidansu zai yi Sallah, ƙannensa za su yi wa wayar rubdugu. Ki gaida kowa da ladabi, sannan ki buɗe baki ki ce a ba ki maigidanki.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, don ba ni da ko uzuri. Ni fa 'yar Babura ce. Na tashi ina gani da idona 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka suna cin tuwon Sallah mu muna riƙe da azumi, wata shekarar kuma mu mu riga su. Amma da Ƙaramar Sallah ta zo, ko kaɗan bai faɗo mini a rai ba cewa watan Babanku daban ne da namu. Mu ba a ga wata ba, za mu cika talatin. Don in gyara laifin bara, tun da safe na kai wayar wurin mai caji a bakin kasuwa, na ce ya cika mini ita taf saboda gobe. Na dawo na shiga surfe da wanke-wanke da kitson ƙannenki. Sai bayan la'asar na karɓo ta, na tarar da kira har tara.

Na ɗauka wani abu ne ya same shi. Na tsaya gindin darbejiya na kira. Sai ga shi cikin sabon kaftani fari, da hula, zaune shi kaɗai a shago, an lulluɓe kekunan ɗinki da ƙyalle.

Na ce, "Lafiya? Ina zuwa haka ka sha ado?"

Ya ce, "Daga Idi nake tun safe."

Kin san me uwarki ta ce? Maimakon barka da Sallah, sai malantar ta motsa. Na ce, "Idi kuma? Ai Sallah gobe ce."

"Gobe ce a wurinku. Nan an ga wata jiya."

"To mu dai ba a gani ba."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ba komai. Da ma so na yi ki ga ko rigar ta yi mini."

Abokan aikinsa duk sun tafi wurin iyalansu, shi kaɗai ya wuni. Mutumin da ya yi wata guda yana ɗinka wa mutanen wata ƙasa kayan Sallah, ya rasa wanda zai ce masa tasa rigar ta yi kyau, ni kuma ina nan ina gardamar wata da shi. Washegari da muka yi tamu Sallar ya kira, ya yi wa kowa barka cikin tsohuwar rigar aikinsa.

Don haka ki sa a ranki daga yanzu Sallah biyu gare ki, taki da tasa. Masar da nan ba kullum wata ke haɗa su ba, agogonsu ma ba ɗaya ba ne da namu. Tun saura kwana biyu ki riƙa tambaya. In taki ta riga, ki kira shi ko yana cikin azumi, ya taya ki murna. In tasa ta riga, ko kina da aji ko kina kan aikin asibiti, ki nemi minti goma ki ba shi. Gardamar wanda ya fi ganin wata daidai kuwa ki bar wa malamai, ba ita aka aure ki ki yi ba.

Na ukun shi ne wanda ya kusa kai ni ƙasa. Wata biyu bayan nan, ana saura mako Babbar Sallah, wani ɗan kasuwar hatsi na Babura mai zuwa Agadas ya kawo mini ƙunshi. Doguwar riga ce ruwan zuma, da surfani a wuya da bakin hannu, Babanku ya ɗinka da kansa. Bai tambaye ni awo ba, amma da na rufe ƙofa na gwada sai ta zauna mini cif. Na daɗe a gaban madubi, ba zan ɓoye miki ba. Sannan na cire na ninke na kai ta ƙasan akwati. Abin da ya sa, na sha jin mata a wurin biki suna cewa matar da mijinta ba ya gari kwalliyar wa take yi. Na ji tsoron bakinsu fiye da yadda na ji tausayinsa. Ko lalle ban sa ba.

Ranar Sallah dai na yi ta maza, na karɓi wayar a gaban kowa, har ina jin kaina. Sai dai da zanen suya na fito, duk toka da maiƙo. Kuma da na buɗe baki, sai na shiga zuba masa rahoto kamar ina gaban hedimasta: katangar baya ta tsage, jar akuya ta haifi biyu, rufin zaure yana yoyo amma na sa an gyara, yara sun ci jarrabawa. Ya bar ni har na kai aya.

"Saƙon bai iso ba ne?" ya tambaya.

"Ya iso, an gode. Na adana."

"Sai yaushe?"

"Sai ka dawo."

Ya ce, "To, in Allah ya dawo da ni. Ba Goggo wayar."

Babanku ba ya faɗa, kin sani. Da ma faɗan ya yi, da na gane da wuri. Abin da ya yi kawai shi ne ya janye a hankali. Duk Juma'a zai kira Goggo, ya gaida ku, a ƙarshe ya ce a gaida Malama. In na kira shi zai amsa da mutunci, ya tambayi abin da ake bukata, shi ke nan. Wata tara muna haka. Ana gab da kama azumi Baffanku Sule ya zo gaida Goggo, ina kawo masa ruwa yake cewa, "Malama, ɗan'uwana fa yana yabonki. Ya ce zai ƙara shekara uku a can. Wai kin riƙe gida yadda ko yana nan iyakar abin da zai yi ke nan, to me zai dawo yi?" Baffanku da zuciya ɗaya ya faɗa, a ganinsa albishir ya kawo mini. Ni kuwa na koma madafi na zauna a kan turmi, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ashe duk ƙoƙarin da nake yi na nuna masa ba a rasa komai ba, abin da yake ji shi ne ba a rasa shi ba.

Ki riƙe wannan da kyau, Hassatu, don ke ma gwanar nuna jarumta ce. Za ki so ki nuna wa Yusha'u komai lafiya, karatu na tafiya, abinci ba laifi, kada ya damu. Ki faɗa masa wannan, gaskiya ce. Amma ki haɗa da ɗayar gaskiyar, cewa wurin babu daɗi ba shi. Ranar Sallah kuma ki yi kwalliya sosai, ko da ke kaɗai ce a ɗakin ɗalibai kuma ba mai ganinki sai ta gilashin waya. Ki tafi da lallenki daga nan, kada ki ce sai kin nema a can.

Wadda ta fitar da ni Goggo ce, Allah ya jiƙanta. Bafulatanar nan da ko sunan mijinta ba a taɓa ji a bakinta ba har ya rasu, ita na fi jin kunya a duniya, ashe duk abin nan tana lura. Ana jibi Ƙaramar Sallah ta kira ni ɗakinta.

"Ina rigar nan da aka aiko bara?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Tana akwati, Goggo."

"Akwatin ne matarsa?"

"Goggo, bakin mutane nake gudu."

"Mutanen in ya ƙara shekara uku su za su taya ki zama?" Ta gyara zama ta ce, "Ni na haife shi, na san idonsa. Duk ranar da ya kira yana gaishe ni, bakinsa yana wurina, idonsa yana bayan kafaɗata. Ba ni yake nema a cikin abin nan ba. Tashi ki kwaɓa lalle."

Wannan karon na tambayi watansa, aka yi sa'a rana ɗaya muka sauke azumi. Ana saukowa daga Idi Goggo ta kora ku yawon Sallah gaba ɗayanku. Da ya kira ta karɓa, ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, ta sa masa albarka, ta miƙo mini wayar ba tare da ta dube ni ba. Sannan ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki sandarta, ta koma zaure ta zauna a bakin ƙofa. Duk wanda ya yi sallama sai in ji ta ce, "Masu gidan suna da baƙo, a dawo an jima." Tsohuwar da ba ta taɓa barin inuwar nan da hantsi ba, ranar ta bar mini ita ni kaɗai.

Na jingina wayar a kan kujera na tsaya. Babanku ya ƙura mini ido har na zaci sabis ne ya ɗauke.

Can ya ce, "Matsa baya in gani." Na matsa. "Juya." Na juya, ni da girmana, a tsakar gida. Sai ya ce, "Hannun hagun ya ɗan fi tsawo." Tela dai tela ne. Dariya ta ƙwace mini, hawaye na bin ta.

Na dawo kusa, na tattaro duk ƙarfin da nake tsawata wa yara sittin da shi, na ce, "Barka da Sallah, Malam. Rigar ta yi kyau, na gode. Gidan nan babu daɗi ba ka nan. Katanga zan iya gyarawa, wannan kuwa ba zan iya ba. Ka dawo."

Shekara ashirin da biyu da aurenmu, ban taɓa furta masa magana irin wannan ba. Ya cire hula ya shafa kai, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce, "Da kin faɗa tun bara, Malama." Muka yi hira har wayar ta yi zafi a hannuna, ba katanga ba akuya. Da Babbar Sallah ta zagayo, ya sayi hanta a can ya gasa a ɗan murhunsa, ni ma na gasa tamu na zauna gindin bishiyar, na ce masa ta gasu, muka yi bismilla tare. Ana girbin gero a shekarar ya dawo gida, bai sake tafiya ba. A duk abin da na yi a rayuwata, har da lambar yabon da aka ba ni ranar ritaya, ba abin da nake alfahari da shi kamar kalmomin nan da na iya fitarwa ranar, duk da sai da aka tura ni.

Ke ba na so sai an tura ki, kuma ba na so ki ɓata Sallah uku kafin ki koya. Kin fi ni ilimi, kin fi ni ganin duniya, mijinki kuma ya tsaya miki a gaban mutane tun ba ki roƙe shi ba. Abin da zai riƙe shi shekara biyun nan ba yawan kira ba ne, ya san dai in ranar farin ciki ta zo shi ne farkon wanda kike nema.

Saboda haka ga umarnina, kuma ba shawara ba ce. Ranar Sallah kada ki fara kirana. Na san ki, kina idar da salla hannunki zai nemi lambata, don tunda kika yi wayo ba ki taɓa Sallah ba ki durƙusa kin gaishe ni da safe ba. Na yafe miki wannan gaisuwar, duniya da lahira. In kika kira ni kafin ki kira shi, ba zan ɗauka ba, kuma na hana Babanku da ƙannenki ɗauka. Ba zan yi miki ƙarya ba, zan wuni ina duba wayar, ƙila ma in shiga madafi in ce hayaƙi ne ya shiga mini ido. Wannan ba ruwanki. Ku yi hirarku har cajinku ya ƙare, ni ki neme ni washegari. Zan jira. Na iya jira, a wurin Babanku na koya.

Allah ya kai ki lafiya, ya ba ki abin da kika je nema, ya tsare miki aurenki a bayanki, ya dawo mana da ke cikin aminci. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Umma